Mai Ɗori Ba A Ɓoye Masa Kumburi

A cikin 'yan'uwanmu mazauna Ingila, masu aikin jinya da kula da tsofaffi da gadi da tuƙi, akwai waɗanda bashi ya yi wa katutu har suka kai kansu gaban hukuma aka rubuta su cikin waɗanda suka yi karayar arziki. Ba magana ce da ake yi a wurin suna ko bayan sallar Juma'a ba, amma tana faruwa. Katin bashi, bashin mota, kuɗin haya da ya taru, wani lokaci har da abin da aka ranto aka ba dillalin da ya nemo wa mutum aikin. Sai ya biya fam 680, ya cika takardu ta intanet, a ba da umarni, masu bin sa su daina buga masa waya dare da rana. A makon nan ne yake samun barcin da ya daɗe bai yi ba.

Bayan wata huɗu ko biyar sai ga aiki ya faɗo, wanda albashinsa ya fi na wurin da yake. Maimakon murna sai zullumi. In karɓa ko in bari? In na karɓa, in faɗa ko in ja bakina? Shawara iri biyu yakan samu wurin abokai. Wani ya ce, "Malam, yi shiru abinka, wa zai sani?" Wani kuma ya ce, "Bar shi ya wuce, ai su za ka yi wa wahalar. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi." Ni dai duka biyun ban yarda da su ba, kuma dalilina yana nan a zauren kowane mai ɗori.

Wanda ya taɓa kai yaro wurin mai ɗori ya san ranar da aka ja ƙashi aka haɗa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Tsohon zai shafa wurin da yatsunsa, ya sa mutum biyu su danne yaron, ya ja, ya daidaita, ya shafa man shanu, ya jera karare ya naɗe da tsumma. Sannan ya dubi yaron ya ce, "Ka ga, yaro, jibi a dawo da kai. In ka ji ya matse ka, ka faɗa. In ka ji yana rawa, ka faɗa. Kada ka ce za ka yi mini jarumta." Yaron yana sheshsheƙa ya ce, "To, Baba." Dalilin wannan gargaɗi shi ne ƙafa ba ta zama yadda aka ɗaure ta. Yau ta kumbura, nan da kwana huɗu ta saɓe. Ɗaurin da ya yi daidai ranar Asabar, kafin Laraba ya yi sako-sako, ko kuwa ya matse. In ya yi sako-sako aka yi shiru, ƙashi zai kama a karkace, kuma gyaransa sai an sake karyawa. In ya matse aka yi shiru, jini ya daina gudana, yatsu su yi baƙi, kuma likitocin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano sun sha karɓar irin waɗannan yara bayan lokaci ya ƙure. Mai ɗori ba ya kwana da ƙafar. Mai ƙafar ne ya san abin da yake ji, don haka nauyin faɗa a kansa yake.

Haka tsarin karayar arziki yake a Ingila da Wales. Ranar da aka ba da umarni, dukiyar mutum takan koma hannun wani jami'in gwamnati, wanda zan kira jami'in riƙo, shi ne ke tsaye tsakanin mai bashi da masu bin sa. Yakan duba abin da za a iya sayarwa, ya bar wa mutum kayan gida na yau da kullum da kayan sana'arsa. Sannan ya zauna da shi a kan lissafin wata: nawa ke shigowa, nawa ke fita. Haya, harajin gunduma, wuta da gas, abinci, tufafi, waya, kuɗin zuwa wurin aiki, kuɗin renon yara. In bayan an cire waɗannan akwai rarar da ta kai fam 20 ko fiye a wata, sai a nemi ya sa hannu a yarjejeniyar biya daga albashi, wadda za ta yi wata 36. In ya ƙi, jami'in na iya zuwa kotu ya samo umarni, kuma kotu na da ikon cewa a riƙa cire kuɗin tun daga wurin mai biyan albashi. In kuwa babu rara, ko kuma tallafin gwamnati ne kaɗai abin da mutum ke rayuwa a kansa, ba a ɗora masa komai. Bayan wata 12 a sallame shi, ragowar yawancin basussukan su faɗi. A da yawanci shekara uku ake yi kafin sallama. Wata doka ta 2002, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2004, ita ta mayar da shi shekara ɗaya.

Wannan lissafi na ranar farko shi ne ɗaurin, kuma an yi shi ne a kan ƙafar ranar nan. Shi ya sa dokar 1986 da ke tafiyar da al'amarin ta ɗora wa wanda ya karye wajibin sanar da mai riƙon dukiyarsa duk lokacin da kuɗin shigarsa ya ƙaru ko wata dukiya ta faɗo masa, kuma ƙa'idojin da ke ƙarƙashinta suka ba shi kwana 21 daga ranar da ya sani. Ba sai an tambaye shi ba. Sabon aiki, ƙarin girma, ƙarin awowi da suka zama na dindindin, aiki na biyu da dare, kyautar ƙarshen shekara, gado daga gida, duk suna ciki.

Abin da ke firgita mutane shi ne zaton cewa duk ƙarin da aka samu za a kwashe. Bari mu sa lambobi, don tsoro yakan ragu in an zauna da biro. A ce mutum yana ɗaukar fam 1,750 a wata bayan haraji, buƙatun gidansa kuma suna cin 1,740. Rararsa fam 10, ba a ɗora masa komai ba. Sai ya samu aiki a wani gari mai biyan 2,150. Ƙarin fam 400 ke nan, kuma wannan lambar ce ke hana shi barci. Amma tikitin jirgin ƙasa zai ƙara masa 160 a wata. Sabon aikin yana tashi da yamma lis, don haka sai an biya mai riƙe yara bayan makaranta, a ce 120. Rarar gaskiya ta zama fam 130. Ita za a nema, ba 400 ba, in dai ya kawo shaidar tikitin da rasidin mai reno. A wata 36 zai biya fam 4,680, mai yiwuwa a kan bashin da ya ninka haka sau da yawa. Wanda ya rubuto wa jami'in cewa albashi ya ƙaru, bai haɗa da abin da sabon aikin ke ci ba, shi ya matse ɗaurin da hannunsa.

Ba zan ɓoye ra'ayina ba: ɗaurin Ingila ya cika tsauri a nan. Tun daga ƙarshen 2010 rarar gaba ɗaya ake nema, alhali kafin nan wani kaso ake ɗauka a bar wa mutum saura. A Ostireliya akwai iyakar da aka yanka, abin da ya haura ta rabi ake karɓa. A Kanada ma rabin rara ake biya, ko da yake can samun rara yakan tsawaita karayar farko daga wata 9 zuwa 21. Tsarin da zai ce wa mutum duk abin da ya ƙaru bayan buƙatunka ba naka ba ne har shekara uku, tsari ne da ke sanyaya gwiwa, kuma bai kamata masu yin doka su yi mamaki ba in suka ga mutane suna ƙin ƙarin awowi. Mai wankin tsofaffi da tsakar dare ya cancanci ya ga wani abu a hannunsa daga guminsa.

Duk da haka ba na goyon bayan mai cewa a bar aikin ya wuce. Mai ɗori da kansa, in lokaci ya yi, shi ke cewa a ba yaro sanda ya fara takawa. Zai ji zafi, zai yi kuka, uwar za ta ce a ƙyale shi tukuna. Tsohon zai ce, "Hajiya, in bai taka ba ƙafar shanyewa za ta yi." Wanda ya zauna a ƙaramin aiki don kada a karɓi rararsa, ya tsira daga biyan fam 130 a wata, amma ya rasa abin da ba a lissafa a takardar jami'in: ƙwarewa, matsayin da za a gina na gaba a kansa, ƙarin abin da ake zuba masa a asusun fansho, da mutanen da zai sani a sabon wurin. Yarjejeniya tana da ranar ƙarewa. Wata na 37, albashin nan dukansa nasa ne. Aikin da ya bari kuwa wani ya ɗauka, kuma ba lallai irinsa ya sake zuwa ba.

Akwai wata gaɓa ta lokaci da ya kamata a faɗa a fili, tun da ita ce ke jan mutane zuwa ga dabara. Yarjejeniyar biya, ko neman umarnin kotu, dole a fara su kafin a sallami mutum. In wata 12 suka cika ba a ɗora masa komai ba saboda da gaske ba shi da rara, to albashin da zai samu bayan nan ba ruwan jami'in da shi. Saboda haka wanda aiki ya zo masa a wata na goma sha ɗaya yakan ji kamar ƙaddara ta yi masa wasa. Wasu sukan nemi a ɗaga musu ranar fara aiki. Wasu sukan fara aikin su yi gum, suna ƙirga kwanaki. Tsakanin waɗannan biyun akwai rata mai faɗi. Ba wanda zai tilasta wa mutum ya karɓi aiki yau. Amma wanda ya riga ya fara karɓar sabon albashi ya ɓoye, ya karya doka, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jami'in yana da ikon neman takardun albashi da bayanan asusun banki, kuma a ƙasar da kowane albashi ke bi ta na'urar hukumar haraji, ɓoyo ba ya nisa. In aka gano, yana iya roƙon kotu ta dakatar da sallamar, shekara ɗayan nan ta zama ba ta da ranar ƙarewa sai mutum ya ba da haɗin kai. Ana iya ɗora masa takunkumin da zai kai shekara 2 zuwa 15, wanda a cikinsa ba zai zama daraktan kamfani ba, ba kuma zai ci bashin da ya kai fam 500 ba sai ya faɗi matsayinsa. Ƙin bin wajibin sanarwa ba tare da uzuri ba kuma raina kotu ne. Wannan shi ne sake karya ƙashin da ya kusa kamawa, saboda 'yan makonni.

Wanda kuma aka riga aka ɗora wa yarjejeniya, sallama ba ta kwance ta. Za ta ci gaba har wata 36 ɗinta su cika, kuma a duk tsawon lokacin in albashi ya motsa sai ya faɗa. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, suna zaton takardar sallama ta rufe komai.

Sauya aiki yana taɓa wani abu ƙarami da ke rikita mutane, wato haraji. Sau da yawa, bayan an ba da umarnin karaya, hukumar haraji ta HMRC takan ba mai biyan albashi lambar NT, ma'ana kada a cire wa wannan ma'aikaci harajin albashi har ƙarshen shekarar haraji, ranar 5 ga Afrilu. Sai mutum ya ga albashinsa ya yi ƙiba. Ba kyauta ba ce: kuɗin harajin nan jami'in riƙo ake miƙa wa. To, in mutum ya sauya wurin aiki, wannan lamba takan faɗi, sabon wurin ya fara cire haraji kamar kowa. In bai sanar ba, zai wayi gari ana cire masa haraji a can, a nan kuma ana jiran kuɗin da ba ya hannunsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa sanarwa ba masu bin bashi kaɗai take yi wa amfani ba.

Haka ma in abin ya juya. Sabon aiki yakan zo da watannin gwaji, kuma ba kowa ke tsallakewa ba. Ana rage awowi, haya na tashi, ana haihuwa, ana rashin lafiya. Yarjejeniyar tana sauka kamar yadda take hawa, ana ma iya dakatar da biya in rara ta ƙare. Amma sai an faɗa. Mutanenmu suna da wata kunya da ke cutar da su a nan: mutum zai gwammace ya rage cefanen gida, ko ya ranci kuɗi wurin aboki don ya cika biyan wata, da ya ɗaga waya ya ce ba zan iya ba. Wannan shi ne yaron da ya ji ɗauri ya matse shi ya cije leɓe. Wanda ya saba sanar da jami'in lokacin da abu ya ƙaru, maganarsa ta fi saurin karɓuwa ranar da ya zo yana cewa ya ragu.

Game da sabon wurin aikin kansa, yawanci ba wanda zai rubuta musu ya ce ga halin da ma'aikacinku ke ciki. Aikin jinya da kula da tsofaffi da aikin masana'anta doka ba ta hana wanda ya karye yin su. Amma akwai inda ƙofa take rufe ko take da sharaɗi: daraktan kamfani, amintaccen ƙungiyar agaji, lauya, da yawancin ayyukan da ake riƙe kuɗin mutane a bankuna da makamantansu. A karanta takardar ɗaukar aiki da kyau kafin a ajiye tsohon. In an tambaya, a faɗi gaskiya, domin sunan yana cikin rajistar da kowa zai iya dubawa ta intanet har wata uku bayan sallama, kuma yana zama shekara shida a tarihin bashin mutum.

Wurin da abin ya fi yi wa namu ciwo shi ne kuɗin gida. Doka ta ce a bar wa mutum abin da zai biya buƙatunsa da na iyalinsa, amma iyalin da take nufi su ne waɗanda suke zaune tare da shi kuma suka dogara da shi. Tsohuwar da ke Katsina ko Maraɗi, wadda maganin hawan jininta da buhun masararta suke fitowa daga albashin nan, ba ta shiga wannan ma'auni kai tsaye ba. Ga ɗan da aka yi wa tarbiyya a kan cewa ciyar da iyaye ba alfarma ba ce, wannan abu ne mai ɗaci, kuma ina ganin shi ne babban abin da ke sa wasu ɓoye ƙarin albashi, ba son zuciya ba. Amma ɓoyon ba ya taimakon tsohuwar. In aka dakatar da sallama, ita ma wahalarta ta tsawaita. Abin yi shi ne a faɗa wa jami'in wannan nauyi a rubuce, da shaidar aikawa da ta magani, a roƙi ya duba, ko da ba a da tabbacin zai karɓa. Sannan a yi magana mai wuya da 'yan'uwa a gida: "Yaya, shekara ukun nan sai kun ɗan riƙe mini Inna, ni hannuna a ɗaure yake." Faɗin haka yana da nauyi a baki, musamman ga wanda kowa ke ganin yana Turai.

Wannan wajibi na faɗin gaskiya ba baƙo ba ne a wurinmu. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu suna da babi guda a kan wanda bashi ya cinye dukiyarsa: alƙali ya hana shi taɓa ta, a raba wa masu bin sa gwargwadon haƙƙinsu, a bar masa abin ci da sutura shi da iyalinsa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, hadisi kuma ya kira jinkirin mai hali zalunci. Saurarawar tana rataye ne a kan ƙunci, don haka ranar da sauƙi ya zo, masu haƙƙi suna da damar su sani. Bambancin shi ne dokar Ingila tana yafe ragowar bashi bayan sallama, ban da irin su tarar kotu da bashin karatu da kuɗin ciyar da 'ya'ya, alhali a fiƙihu bashi ba ya faɗuwa don an rasa abin biya. Yadda mutum zai yi da bashin ɗan'uwa ko aboki da doka ta yafe masa amma zuciyarsa ba ta yafe ba, wannan tambaya ce ta kai wa malami. Sai dai a sani, a cikin watanni goma sha biyun nan ba a yarda ya zaɓi wani mai bin sa ya biya shi a ɓoye ya bar sauran ba.

Sanarwar kanta ba ta da wuya. Wasiƙa ce gajera ko saƙon imel zuwa ga jami'in, da lambar fayil a sama: na samu aiki a wuri kaza, zan fara ranar kaza, albashi kaza, ga takardar ɗauka, takardar albashin farko za ta biyo baya. A haɗa da sabon lissafin wata, kowane ƙarin kashewa da shaidarsa. A ajiye kwafi da ranar aikawa, domin magana ta waya ba ta barin sawu. Kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya, a kai lissafin wurin masu ba da shawara kyauta irin su StepChange ko Citizens Advice ko National Debtline, su duba ko an manta da wani abu, domin mutane sukan manta da kuɗin da ba kowane wata ake kashe su ba, kamar kayan makarantar yara, gyaran mota, tabarau da likitan haƙori. Wanda ke Sikotlan kuma ya nemi shawara ta can, don dokarsu daban ce, kuma biyan nasu wata 48 yake yi.